Ranar da Bushiya Ta Ƙi Buga Kuge

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka cika mini tabarma.

Ta zo mu ji ta. To, tunda kun amsa, ke Ladidi matso kusa, don ke na fi yi wa wannan. Kullum kina cewa jiki ba daɗi, abinci ba ya shiga, kina ta saƙa da warwara a zuci. Zauna ki ji.

Wani gari ne a tsakiyar daji, an kewaye shi da shingen ƙaya. Masu gadin shingen rina ne, mafaɗata, ba sa wasa da kowa. In maciji ko kunama ta ratso shinge, sai su yi mata ca. Sai su tashi 'yan aikensu, tsattsewa, su ce, "Ku hau tudu ku faɗa wa Maigari an shigo."

Maigari kuwa Ɓauna ne, gidansa na can kan tudu. Da tsattsewa sun faɗa masa, sai ya ce a tashi kasuwa, a hura wuta a kowane gida zafi ya kori mugun baƙo, kowa ya shiga ɗaki ya kwanta. Shi kansa sai ya ture akushi. Daga nan sai ya aika a kira Bushiya.

Bushiya ce mai kuge, ƙarfen nan da ake bugawa da ƙaho gari duka ya ji. A garin nan kuge aiki biyu yake yi. Da an buga, sai a buɗe rumbuna kowa ya ci ya sami ƙarfin gudu ko na faɗa. Na biyu, shi ke ce wa rina, "Ya isa haka, ku koma sheƙa." Ban da kugen nan rina ba sa jin maganar kowa, ko ta Maigari. Al'adar garin, ana buga shi sau ɗaya da asuba mutane su tashi, sai kuma ranar da wani abu ya faru. Haka Bushiya ta gada wurin uwarta. Tana da 'ya guda ɗaya, Ladingo, ƙarama, ƙayar bayanta ko ƙwari ba ta yi ba.

Ana nan, sai Kurege, malalaci mai kwaɗayi, ya lura duk lokacin da kuge ya yi ƙara rumbu na buɗewa. Sai ya hau tudu yana haki, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, na ga sawun kura a bayan shinge."

Ɓauna ƙato ne, amma wallahi tsoronsa ya fi na ɗan tsako. Ya ce a buga kuge. Bushiya ta buga, aka buɗe rumbuna, Kurege ya cika kumatu da gyaɗa.

Kashegari ya koma. "Ranka ya daɗe, na hango hayaƙi, gobara ce tafe." Aka buga. Ya ci.

Ya sake komawa. "Ranka ya daɗe, maharba sun ɗaura niyyar garin nan." Aka buga. Ya ci har da guzuri.

Daga nan ma Maigari bai ƙara buƙatar Kurege ba. Ganye ya faɗo, tsoro. Akuya ta yi tari, tsoro. Sai ya sa Bushiya ta tare a ƙofar gidansa, ya ce ta riƙa bugawa ba tsayawa, safe da rana da yamma. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ake yi ba." Ya ce, "Ni ne Maigari ko ke?" Sai ta ci gaba da bugu.

Can bakin shinge rina suka ce kunnensu zai fashe. Kowane bugu na ce musu "ya isa", su kuwa ba abin da suka fara balle ya isa. Sai uwar rina ta ce, "Wannan ƙarfe ya zama surutu." Suka hau rimi, suka tsinko auduga, kowa ya toshe kunne.

Sai ran nan wata 'yar kunama ta gaske ta ratso shinge. Rina suka yi mata ca, nan take suka gama da ita. Suka tashi tsattsewa zuwa tudu. Aka tashi kasuwa, aka hura wuta, kuge na ta ƙara. Amma wa zai ji? Rina na jiran a ce ya isa, ba su ji an ce ba. Ga fushi ya taso, ga ba abokin gaba. Sai suka juyo cikin gari. Suka harbi kaza, suka harbi tunkiya, suka harbi tsohon Kunkuru da ke zaune yana shan hantsi.

Duk wanda suka harba, sai su tashi tsattsewa: "Ana faɗa." Tsattsewa suka cika zauren Maigari, wannan na fita wannan na shiga. Kowane saƙo ya ƙara karya masa zuciya. Ya juya fuska bango, ba ya ci, ba ya son ganin kowa, ko barcin kirki ba ya yi. Abu ɗaya kawai ke fita bakinsa: "A ƙara bugu." Bugu ya ƙaru, rina suka ƙara cusa auduga. Ciyawa ta fito a kasuwa, itace ya ƙare, rumbuna suka kusa kaiwa ƙasa.

Sai Ladingo ta fita ɗebo wa uwarta ruwa. Rina suka tare ta a bakin rijiya. Maƙwabta suka kawo ta ƙofar Maigari a sume, ta kumbura, ido ɗaya ya rufe ruf. Bushiya ta ji kamar ta haɗiye zuciya. Ta buga kugen da dukan ƙarfinta, rina na shawagi bisa kan yarinyar, ko waiwaye ba su yi ba. Sai ta hangi farin abu a kunnen ɗayansu. Auduga.

Ta ajiye ƙaho. Ta kwantar da kuge a ƙasa, ta jawo 'yarta, ta dunƙule a kansu su biyu, ƙaya ta miƙe ko'ina. Gari ya yi tsit.

Maigari ya turo Kurege, wanda yanzu ƙiba ta sa da ƙyar yake tafiya. Ya ce, "Maigari ya ce ki buga, rumbu zai rufe."

Ta ce, "Ya rufe. Ka ce masa na ƙi."

Maigari ya turo Bunsuru, ya ce, "Yaya Bushiya, ki rufa wa kanki asiri. Kugen nan kaɗai ke tsayar da rina. In kin yi shiru, ai sai su ƙarasa yarinyar."

Ta ce, "Ina cikin bugu suka yi mata haka. Ba zan buga ba."

Sai Ɓauna ya taso da kansa, yana tangaɗi don yunwa. Ya tsaya a kanta.

"Ke Bushiya, ki buga, ko in tattake ki, in miƙa wa wani kugen."

Muryarta ta fito daga cikin ƙaya, ba rawa. "Ranka ya daɗe, ga ni, taka. Na yi maka biyayya har ka mai da kugen uwata abin toshe wa kunne. Tsoronka ya cinye rumbu, yanzu ya kai kan 'yata. Ko za ka kashe ni, yau ƙarfen nan ba ya ƙara."

Ya ɗaga kofato ya ɗora. Ƙaya ta shige shi, ya janye yana ɗingishi. Rina suka sami hancin Bushiya, inda ba ƙaya, suka harba, suka sake harba. Hawaye na zuba, ba ta motsa ba. Tana jin numfashin Ladingo a ƙarƙashinta, sama-sama, tana tsoron kada ya tsaya.

Shiru ya yi tsawo. Can sai uwar rina ta ce, "Kai, ko garin nan ya mutu ne?" Ta zare audugar kunne ɗaya ta saurara. Sai kukan kurciya. Ta zare ɗayan. Sauran suka gani, su ma suka zare.

Maigari ya ce, "To yanzu buga."

Bushiya ta ce, "Ba yanzu ba. Kunnen da aka wahalar sai ya huta."

Ta bari har asuba ta yi, lokacin da uwarta ke bugawa. Sannan ta warware, ta ɗauki ƙaho, ta buga sau ɗaya tak.

Rina suka tsaya cak a sama. Uwar rina ta ce, "An ce ya isa." Suka juya suka koma sheƙa. Tsattsewa suka rasa saƙon kaiwa, suka watse daga zaure. Wutar gidaje ta lafa. Da hantsi sai aka ji Maigari na tambaya ko akwai sauran kunu.

Ladingo ta rayu, kumburi ya sace, amma idon nan bai ƙara buɗewa ba. Maigari ya aiko da ban haƙuri, ya ce Bushiya ta dawo ƙofarsa. Ta ce, "Ka ce masa kuge ya koma gidan uwata. Duk mai son a buga, ya zo ya dubi fuskar Ladingo tukuna, sannan ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa." Kurege kuwa, da asirinsa ya tonu, aka kore shi daji, shi ya sa har yau za ku gan shi tsaye kan ƙafa biyu yana leƙe-leƙe, ƙaryar da ya ƙirƙira ta zame masa abin tsoro.

To Ladidi, garin nan jikinki ne. Maigari na cikin kanki. Rina su ne dakarun da ke cikin jini, masu yaƙi da cuta, kuma suna da 'yan aike da ke kai labari ƙwaƙwalwa, shi ya sa mara lafiya ke kwanciya da zazzaɓi ya ƙi abinci. Kuge kuwa shi ne abin da jiki ke saki in hankali ya tashi. Likitoci na da sunayensu, ni dai kuge na sani. Bugu kaɗan magani ne. Amma in fargaba ta sa ana bugawa kullum, dakarun sai su daina ji, su juyo kan mai gida. Duk kuregen da ke hawa tudunki da labarin kura, ki dube shi ki ce kin ƙi. In abin ya fi ƙarfinki, gobe ni da kaina zan raka ki asibiti. Yanzu dai jawo kwanon nan ki ci.

Ƙurunƙus kan kurege.