Namijin Barewar da Ya Hana Mashigi

Shehunmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne kuma ma'abocin tsentseni. Tun da ya zauna cikin makiyayanmu na Kazak a gindin duwatsun Altai ba a taɓa jin ya ɗaga murya ga mutum ko dabba ba. Karamominsa suna da yawa, amma wadda almajirinsa Kuwandik ya fi son bayarwa ita ce ta ranar da shi Kuwandik ya ɗauko matarsa Zauresh daga gidan iyayenta, bayan ta gama arba'in na ɗansu na fari.

Tsakiyar hunturu ce, lokacin barbarar bareyi. Shehu ya je yi wa jaririn addu'a, suka juyo tare da hantsi, shi da Kuwandik a kan dawakai, Zauresh a kan raƙumi, an ɗaure gadon jaririn na katako a gabanta, an lulluɓe shi da fatar tunkiya. Ko'ina a filin mazajen bareyi ne ke gurnani, maƙogwaronsu ya kumbura, kowanne na kora matansa yana hana su ɓallewa. Kuwandik, wanda farin ciki ya hana bakinsa rufuwa tun safe, ya shiga kwaikwayonsu.

Zauresh ta ce, "Maigida, ka rufa mana asiri gaban Malam. Wallahi ko tsohuwar barewa ba za ta waiwayo wannan muryar ba."

Ya ce, "Ke ai kin waiwayo."

Shehu ya yi murmushi, yana jan carbinsa.

Da suka iso kogi suka tarar ya daskare fari fat. Akwai tarin duwatsu da mahaifin Kuwandik ya jera a bakin mashigin, kuma shekara talatin danginsu nan suke haye ƙanƙara ba tare da sun gwada ta ba, don a wurinsu gwada mashigin uba raini ne. Kuwandik ya ja akalar raƙumin zai sa shi a kai, ga mata ga ɗa a samansa.

Shehu ya ce, "Dakata, ɗana. Mu tambayi mai unguwar."

Ya juya wajen wani ƙaton namijin barewa da ke kan tudu yana ta gurnani cikin matansa, ya yi masa sallama kamar yadda ake yi wa dattijo. Nan take dabbar ta yi shiru. Dabbar da ko inuwar mahayi ta hango sai ta yi layar zana, sai ga shi ya baro matansa, ya gangaro har gaban raƙumin, ya tsaya ya tsura wa ƙanƙarar ido. Sannan ya buga ƙofato, ya feso iska ta hanci da ƙarfi, irin hucin nan mai kaifi da suke yi idan sun ga kyarkeci. Ya yi har sau uku.

Kuwandik ya duba gabas da yamma bai ga komai ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai nan Baba yake hayewa."

Shehu ya ce, "Allah Ya jiƙan babanka. Shi bai ga kogin bana ba, wannan ya gani."

Namijin ya juya ya bi gaɓa ya yi sama, matansa suka bi shi, su Shehu ma suka bi bayansu. Sai da suka yi tafiya mai ɗan nisa ya sauka kan ƙanƙara a wani wuri mai faɗi, ya haye, suka taka sawunsa da bismilla har suka fita lafiya. Kuwandik bai haƙura ba. Ya koma daidai tsohon mashigin ta wannan gaɓar, ya ɗauki dutse da hannu biyu ya jefa tsakiya. Ƙanƙarar ta tsage da ƙara, baƙin ruwa ya bulbulo yana gudu, ashe ruwa ya cinye ta ta ƙasa, saura ɓawo.

Ya durƙusa a wurin yana kuka yana dariya, yana ta hamdala. Ya zo ya kama linzamin dokin Shehu zai sumbaci hannunsa, Shehu ya janye ya ce, "Gode wa Wanda Ya ba shi hanci."

Zauresh ta buɗe fatar ta leƙa, jaririn na barcinsa bai san an yi ba. Ta share hawaye ta ce, "Maigida, dube shi can. Mata ashirin yake kiwo bai rasa ko ɗaya ba, kai guda ɗaya tal aka ba ka, ka tashi jefa ta a ruwa."

Kuwandik ya ce, "Na ji, na karɓa. Faɗi ki ƙara."

Tsarki ya tabbata ga Allah da Yake hore wa bayinSa na gari abin da Ya so cikin halittunSa. Ya Ubangiji, Ka ɗaukaka darajar Shehunmu, Ka ba mu albarkacinsa, Ka haye da mu da iyalanmu kowane mashigi lafiya. Amin.