Farantin Kyamarar Lantana

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah a wani gari, ana ce masa Malam Jatau. Ɗan shago gare shi a bakin kasuwa, yana sayar da kayan masu hoto: ƙarfen nan mai ƙafa uku, da ɗan farantin da ake ɗaure kyamara a kansa. Ku saurara da kyau.

Wata rana tun safe bai yi ciniki ba, sai ga wata baiwar Allah, Lantana. Mijinta mai hoto ne, ya rasu ya bar mata yara da kyamara guda, babba mai nauyi. Da ita take son ɗaukar hoton mata a gidajen biki. In kyamarar nan ta faɗi, to tukunyar gidan ce ta kife.

Ta zaɓi wani faranti mai sheƙi, ta gwada shi a gindin kyamarar da ta zo da ita, ya shiga daram. Har ta fara kwance bakin zani. Malam Jatau ya jinjina kyamarar a hannu, ya juya farantin. Roba ce aka yi wa fenti. Zai riƙe yau, zai riƙe gobe, ran da ta karkata kyamarar don ɗaukar amarya a tsaye, sai dai a ji tim.

Wa zai sani, jama'a? Ai ita ta zaɓa da hannunta.

Ya ce, "'Yata, mayar da kuɗinki. Wannan ba zai ɗauki kayan mijinki ba. Na ƙarfe za ki saya, mai mariƙi a gefe, ni kuwa nawa ya ƙare."

Ta ce, "Baba, to ina zan samu?"

Wurin mutum ɗaya ake samu: Nadabo, maƙwabcinsa, wanda ba sa ga-maciji da juna tun da Nadabon ya janye masa masu ciniki. Malam Jatau ya ja tsaki a ransa, don shi ma ɗan Adam ne, sannan ya zura takalmi ya raka ta. Shi ya fara sallama. Shi ya ɗaure farantin ƙarfen da ta saya, ya ɗora kyamarar a kan ƙarfen nan mai ƙafa uku, ya girgiza har ya tabbata ta zauna, ya koma shagonsa hannu rabbana. Wallahi ina ƙaunar mutumin nan.

To 'yan'uwa, gaskiya ita ce ka faɗi aibin kayanka ko da cinikin zai koma hannun wanda ba ka so. Kai mai shago, ke mai awo a gida, wanda ya tsaya gabanku bai san abin da kuka sani ba, kuma wataƙila abincin marayu ne a hannunsa. Allah Ya ba mu ƙarfin halin cewa, "Wannan ba zai yi maka ba."