Mai Ruwan Ido da Waƙoƙin Mama

Akwai wani mutum, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, yana da kwamfuta wadda 'yarsa Keziya ta aiko masa daga birni. A ikkilisiyarsu kuwa akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Mama, ita kaɗai ta rage cikin matan da suka fara zumunta a garin. Waƙoƙi arba'in suna kanta, waɗanda masu bi na farko suka tsara tun suna sujada a rumfar kara, ba kuwa ko ɗaya da aka taɓa rubutawa.

Wata Lahadi da aka tashi sujada, tsohuwar ta riƙe hannun rigarsa ta ce, "Ɗana, jikin nan ya fara sallama. Ka zo ka kwashe waƙoƙin nan tun ina iya buɗe baki."

Ya ce, "Mama, cikin makon nan in Ubangiji ya yarda."

Da gaske yake, ba wai ya sallame ta ba ne. Amma da ya buɗe kwamfutar don ya shirya, sai saƙo ya faɗo, labari ya leƙo, kafin ya ankara rana ta yi yamma bai rubuta ko kanu ba. Ya ce a ransa, lalle sai ya sami manhajar rubutu marar hayaniya, wadda za ta rufe masa kome ta bar shi da farin shafi. Tunanin nan kuwa ba laifinsa.

Ya sauko da ta farko, ta yi shiru yadda yake so, sai dai baƙaƙenta sun yi masa ƙanana. Ta biyu tana ƙara irin ta tafireta in an taɓa harafi. Ya ji daɗinta kwana biyu, don ta tuna masa ofishin hedimasta, a rana ta uku ta ishe shi. Wata kuma takan kulle intanet sai an cika kalma ɗari biyar, ya ce shi ba ɗan firamare ba ne da za a tsare shi a aji. Haka ya dinga yini a intanet yana karanta shawarar yadda ake guje wa intanet. Ruwan ido ya kama malam, shi kuwa yana kiransa bincike.

Matarsa ta ce, "Baban Keziya, Mama ta sake aikowa."

Ya ce, "Aikin Ubangiji ba a yi masa garaje. Na kusa samun wadda ta dace."

Ba ta ja da shi ba. Ta ɗauki wani tsohon littafin rubutu da biro, ta riƙa biyawa wurin tsohuwar in ta taso daga gona. A aji huɗu ta bar makaranta, hannunta a rubutu ba sauri.

A mako na bakwai ya sami manhajar da yake nema. Farin shafi tas, ba ƙara, ba saƙo. Ya yi murna ƙwarai, ya sa kwamfutar a jaka ya nufi gidan Mama. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gida, dattawa suna zaune shiru. Ashe da asuba Mama ta cika.

Wurin jana'iza matan zumunta suka tayar da wata waƙarta, suka kai baiti na biyu, suka tsaya suna duban juna. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai.

Da suka koma gida matarsa ta ajiye masa littafin a gabansa. Waƙa uku ne da rabi. Ta huɗun ta tsaya a tsakiyar layi, daidai inda numfashin Mama ya gaza ran nan. Ya buga su a sabuwar manhajar, bai yi awa guda ba ya gama, ba kuma abin da ya dame shi.

Ma'anar wannan misali ita ce, waƙoƙin nan su ne aikin da Ubangiji ya danƙa wa kowannenmu, tsohuwar kuwa ita ce lokacin da aka ba mu. Neman wuri marar hayaniya abu ne mai kyau, in kuwa za ka zaɓi kayan aiki, zaɓi mai sauƙi, ka zaɓa sau ɗaya, ka kama aiki. Hayaniyar da ta fi cin mutum ita ce wadda ta yi kama da shiri, gama mai ita yana gumi, yana tsammani aiki yake yi.

Wani a cikinmu yana jiran littafin addu'a mai kyau kafin ya fara addu'a. Wata tana ta gyara kalmomin da za ta nemi gafarar 'yar'uwarta da su, shekara biyu ke nan. 'Yan'uwa, Ubangiji ba zai tambaye mu da me muka rubuta ba. Matar nan da bironta ta ceci uku da rabi. Sauran talatin da shida da rabi, malam ne ya taya ɗaukar su zuwa kabari.