Kyamarar da Ta Kwana a Buhun Shinkafa

Akwai wani mai ɗaukar hoto a unguwar Fagge ta Kano, sunansa Mudassir. Gwani ne, wannan ba mai musu. Sai dai yana da wani hali: duk wanda ya kalli jakarsa sau biyu, to a ransa ya gama yanke masa hukuncin ɓarawo.

Ba zan ga laifinsa gaba ɗaya ba. Kyamarar nan ita ce gonarsa, ita ce shagonsa. Sai da ya sayar da babur ɗinsa ya haɗa da gumin shekara uku kafin ya mallake ta. Abokansa har tsokanarsa suke yi, wai da ana ɗaura aure da kyamara da tuni sun sha biki.

Yana da kawu, Alhaji Babayo, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya fi shekara talatin yana sayar da atamfa a kasuwar Mont-Bouët a Libreville, babban birnin Gabon. Da Alhaji ya tashi aurar da 'yarsa Inès, wadda ta gama karatun aikin jinya, sai ya aiko wa Mudassir tikitin jirgi. Ya ce ba wanda zai ɗauki hoton bikin sai ɗan 'yar'uwarsa.

Mudassir ya yi shiri na mai hankali. Ya cire igiyar rataya kyamarar mai ɗauke da sunan kamfani ya sa tsohuwa. Ya liƙe tambarin kyamarar da baƙin salatif. Jaka kuwa kullum a ƙirji take, ba a baya ba. Duk wannan daidai ne. Inda ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne da ya ɗauka kowa a Gabon kyamararsa yake jira.

A filin jirgi wani dattijo ya tarbe shi, Ɗanlaraba, mutumin Maraɗi, direban tasi kuma maƙwabcin kawunsa. Dattijon ya miƙa hannu zai karɓi jakar ya rage masa nauyi, sai Mudassir ya ja baya da sauri.

“A'a Baba, wannan ba a taɓa ta.”

Ɗanlaraba ya yi murmushi ya ce, “To, Allah ya ba da haƙuri, ɗan Kano. Shigo mu tafi.”

Gidan Alhaji a unguwar Nzeng-Ayong yake, kuma ya cika maƙil da 'yan biki. Wurin kwanan da ya rage shi ne ɗan ɗakin ajiya, inda aka jibge buhunan shinkafa shida. Nan aka shimfiɗa wa Mudassir katifa.

Kawunsa ya ce masa, “In za ka fita, kawo na'urar taka in kulle maka a ɗakina.”

“Ba komai Kawu, ina da inda nake sa ta,” in ji Mudassir. A ransa kuwa cewa ya yi, wa ya san mutum nawa ne ke da makullin ɗakin?

Ranar Alhamis aka yi wa amarya lalle, ya ɗauki hotuna masu kyan gaske. Mata suka yi ta leƙa bayan kyamarar suna shewa. Su suna yaba aikinsa, shi yana ƙirga idanun da suka ga dukiyarsa.

Da safiyar Juma'a lissafi ya kwance masa. Masallacin da za su je a Mont-Bouët yake, inda cunkoso ba ya barin mutum ya ga ƙafarsa. Bai yarda ya tafi da ita ba, bai kuma yarda ya bar ta a hannun kowa ba. Yana zaune yana kallon buhunan nan, sai dabara ta faɗo masa.

Ya naɗe kyamarar da tawul, ya sa a leda biyu. Ya farke bakin buhu ɗaya, ya tura ta can tsakiyar shinkafa, ya sa basilla ya ɗinke kamar ba a taɓa ba. Ya ma ji an ce shinkafa tana tsotse laima, ga shi garin bakin teku ne, ka ga ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Jakar kuwa ya cusa mata tsumma ya rungume ta ya fita, don ɓarayi su bi iska. Ranar nan har tafiyarsa ta canja don jin kai.

Abin da bai sani ba shi ne yadda mutanenmu na can suke biki. Gidaje ƙanana ne, ba filin kafa manyan tukwane. Saboda haka ana gobe ɗaurin aure ake rarraba shinkafa gidajen maƙwabta, kowace mace ta dafa nata kason ta kawo.

Da la'asar ya dawo, ya tura ƙofar ɗakinsa. Katifa kawai ya gani da ƙwayoyin shinkafa a ƙasa.

“Innalillahi! An sace mini kyamara!”

Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika. Alhaji ya tambaya wa ya shiga ɗakin. Aka ce Ɗanlaraba ne, shi ya kwashe buhuna a motarsa. Dattijon yana tsaye a wurin, ko gumin dakon bai gama bushe masa ba.

Mudassir ya nuna shi da yatsa. “Na sani! Tun a filin jirgi na ga idonsa a kan jakata.”

Ni kaina da aka ba ni labarin, a nan na ji kunya ta kama ni.

Ɗanlaraba bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Yaro, shekara ashirin da bakwai ina ɗaukar kayan gidan ga, ko allura ba ta taɓa ɓacewa ba. Amma ba komi. Allah shi ne shaida.”

Hajiya Aminatou, uwar amarya, ita ce ta yi tambayar da ta kamata. “Tsaya, ɗana. Ga jakarka a ƙirjinka. To a ina ka ajiye abin?”

Mudassir ya kalli ƙasa. Da ƙyar ya ce, “A cikin shinkafa.”

“A cikin me?”

“Buhu na farke na sa ta, na ɗinke.”

Inès ce ta fara fashewa da dariya, har sai da ta dafa bango. “Yaya, to ai kai ka sace wa kanka!” Sai gida ya ɗauka. Wata tsohuwa ta ce gobe a riƙa tauna abinci a hankali, kada wani ya karya haƙori. Kowa ya dara ban da mutum biyu, Mudassir da dattijon da ya ci wa mutunci.

Amma ka san me? Ɗanlaraba ne ya ɗauko makullin motarsa ya ce, “Taho mu bi gidajen tun ba a jiƙa shinkafar ba.”

Suka bi gida biyar. A kowane gida sai Mudassir ya durƙusa ya zura hannu cikin buhu har kafaɗa, mata na tsaye a kansa suna ƙunshe dariya. Gida biyar, buhu biyar, babu kyamara.

Saura buhu na shida. Da suka koma gida, Hajiya ta dafe kai, don sai lokacin ita da Ɗanlaraba suka tuna inda buhun ya tafi. Ashe tana da wata al'ada da ta gada wurin mahaifiyarta a Damagaram: duk bikin 'ya'yanta sai ta fitar da buhu guda sadaka ga macen da ta ga tana fama, kuma ba ta tambayar suna. Ranar ta bi motar Ɗanlaraba, ta ba wata mai soya ayaba a bakin titi kusa da kasuwa.

Suka koma wurin a guje. Matar ta tashi, sai tokar murhunta kawai. Ba wanda ya san gidanta.

Washegari aka cika don ɗaurin aure. Manyan riguna, turare, kulolin shinkafa na ta shigowa daga maƙwabta. Mudassir, wanda aka ɗauko a jirgi tun daga Kano, ga shi yana ɗaukar hoto da waya kamar kowa. Zuciyarsa a ƙuntace take. Ba aikin biki kaɗai ya tafi ba, sana'arsa ce gaba ɗaya ta bi buhu.

Ana shirin raba goro sai wata tasi ta tsaya a ƙofar gida. Wata mata ta fito da goyo a bayanta, ta lulluɓe shi da zane har kai. Ta gaisa da Hausarta ta mutanen Jos.

“Sannunku da biki. Ina Maman da ta ba ni shinkafa jiya?”

Hajiya ta fito. Matar ta ce sunanta Mabel. Ta sunkuya, ta kwance zanen a hankali, ta sauko da goyon. Tawul ne a cikin leda.

“Mama, shinkafa kika ba ni, na gode, Allah ya saka. Amma wannan ba ki ba ni ba.”

Mudassir bai san lokacin da ya tsallake tabarma biyu ba. Ya karɓa, ya ciro kyamarar, ya kunna. Ta kawo wuta lafiya lau, hotunan lalle duk suna nan. Sai ga hawaye a fuskar ƙaton saurayi, mata kuwa suka ɓarke da guɗa.

Alhaji ya tambaye ta yadda ta gano gidan. Ta ce da asuba ta buɗe buhu za ta dafa wa yara, ta ci karo da abin. Mijinta Paul ya kunna, suka ga hoton Hajiya a ciki. Ta tafi layin masu atamfa, inda Hausawa suka fi yawa, tana nunawa, har wani Salif ya ce ai matar maƙwabcin shagonsa ce, ya kwatanta mata.

“To me ya sa kika goya ta?” in ji Inès.

“Ƙanwata, tasi uku na shiga. Jaka ana fizgewa, amma wa zai fizge goyo? Har wani mutum ya bar mini kujerar gaba, wai kar a matse jariri. Ya ce yaron nan akwai haƙuri, ko kuka ba ya yi.”

Dariyar da aka yi ranar, har liman sai da ya share ido.

Mudassir ya ce ta faɗi duk abin da take so. Mabel ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce abu ɗaya ne. Shekararta tara ba ta je gida ba, tana so ya yi mata hoto mai kyau ta aika wa mamanta a Jos. Hajiya ta shiga ɗaki ta fito mata da sabon mayafi, amarya ta tsaya a gefenta, ya ɗauka. Aka hana ta tafiya, aka aika a ɗauko Paul da yaran su zo su ci shinkafar biki.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi nauyi. A gaban jama'a ya ci mutuncin Ɗanlaraba, don haka a gaban jama'a ya je ya durƙusa.

“Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah.”

Dattijon ya ɗago shi. “Tun jiya na yafe, ɗan Kano. Tashi ka yi aikinka, amarya na jira.”

Ya yi aiki kuwa kamar ba gobe. Da aka kira azahar, ya tsaya da kyamara a hannu yana waige-waige, ga buta na jiransa. Sai ya nufi Ɗanlaraba, wanda ya riga ya yi tasa alwalar, ya rataya masa ita a wuya.

“Baba, riƙe mini.”

Dattijon ya kalli kyamarar, ya kalle shi. “Ba ka tsoron in gudu da ita? Ga mota a ƙofa.”

“In ka gudu, Baba, ka dawo da wuri. Ba mu yi hoton iyaye ba, kuma kana ciki.”

Darasi: Ka kula da kayanka in ka yi tafiya, wannan wajibi ne. Amma kada tsoron ɓarawo ya sa ka mai da mutanen kirki ɓarayi. Dabarar da ka ɓoye wa kowa tana iya cin ka, kuma a baƙon wuri babu makullin da ya kai amintaccen mutum. Kafin ka nuna wani da yatsa, fara bincika naka kuskuren. Ku tura wa duk wani mai shirin tafiya, musamman wanda kuka san ba ya yarda da kowa.