Yadda Ƙuma Ta Zama 'Yar Gida

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yar mitsitsiya, sai an ƙanƙance ido.

Ta zo mu ji ta, Baba Mantau!

To. Wani Zabo ne ɗan gayu, riga ɗige-ɗige, tafiya da rangaji. Sai Inna Ƙuma ta tare a fiffikensa. Kun dai san ƙuma ta jikin kaji. Ba ta kai ƙwayar gero ba. Ba wuya, ba ƙugu, kai da ciki a cure kamar fura, sai ɗan baki mai tsini. Ta hayayyafa, ta raba wa zuri'a unguwanni. Wasu cikin bututun gashi. Wasu a saman gashi, sun baje kamar waina kada iska ta ɗebe su. Ragwayen kuwa suka lafe a fata, kusa da abinci.

Zabo ya yi susa, ya yi susa, ya yi susa.

Ya ce, "Inna, ki tashi."

Ta ce, "Ɗan nan, ina za ni da marayu?"

"Marayu? Jiya na ji mijinki yana tari a hammatata!"

A dajin nan kuwa ba a korar kowa sai sarkin danginsa ya yanke hukunci. Wanda aka kora, toka mai zafi ake watsa masa, shi da 'ya'yansa.

Zabo ya kai ƙara gun Buzuzu, sarkin ƙwari. Aka same shi yana mirgina kashin shanu. Ko ɗagowa bai yi sosai ba.

Ya ce, "Miƙo ƙafafu."

Ƙuma ta miƙa duka, har da ɗan miƙa ta gajiya. Takwas.

"Mu gidanmu shida ne. Takwas mutanen Kunama ne. Ku ba ni wuri, kayana na bushewa."

Zabo ya nufi gun Kunama. A hanya Ƙuma ta shige bututun gashi ta yi luf, ta turo jaririyar da aka ƙyanƙyashe da safe. Abin da Zabo bai sani ba, ɗan ƙuma da ƙafa shida yake fitowa, sai ya yi saɓa sauran biyun ke tsirowa. Shi kuma ba ya ganin ƙarƙashin fiffikensa.

Kunama ta ce, "Miƙo ƙafafu."

Jaririya ta miƙa. Shida.

Kunama ta ɗaga ƙari sama. "Ni za ka yi wa wasan yara? Buzuzu ne ya turo ka, ko? Matso in ba ka saƙo ka kai masa."

"Ranki ya daɗe, na ji saƙon daga nan!" Zabo ya ranta a na kare.

Sai gun Ungulu, alƙalin tsuntsaye. Tsuntsaye suka cika fada maƙil, kowa ya zo kallon ɗan gayu yana susa.

Zabo ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah gafarta Malam, ƙafafun Ƙuma yau takwas, gobe shida, ni kuwa kullum ƙaiƙayi."

Ungulu ya sunkuyo da wuya. A lokacin wuyan nan cike yake da gashi, luf-luf. Ya ce, "Ke, ina aka haife ki?"

Ƙuma ko kunya babu ta ce, "A fiffikensa, Malam. Uwata ma nan. Kakata ma nan. Cibiyoyinmu duk nan aka binne."

Ungulu ya gyara murya. "Wanda aka haifa a gida ɗan gida ne. Zabo, cinta da shanta a kanka. Ragon sunan jaririyar ma a kanka."

"Malam, jinina fa take sha!"

"Ka ga kuwa zumunci ya yi ƙarfi. A tashi."

Fada ta kece da dariya. Hankaka har da faɗuwa a jikin Zabo. Tattabara ta matso ta ga ƙafafun da idonta. Kaza ta dafa shi wai tana ba shi haƙuri.

Ƙuma ta raɗa wa 'ya'yanta, "Gida ya yi mana kaɗan. Ga manyan gidaje sun zo da ƙafarsu."

Tsit, tsit, tsit, kowa ya zaɓi nasa. Kafin a watse, kowane tsuntsu ya samu nasa dangin ƙuma, kowanne da irin nasa. Babbar 'yar kuwa wuyan alƙali ta haye, ta haihu a can nan take. Ungulu ya yi susa, ya yi susa, har gashin ya ƙare ƙaf. Ya ce a kore ta. Aka ce, "Allah gafarta Malam, ai 'yar gida ce."

In an kawo muku kuka, ku dubi ɓarnar da aka yi, ku bar ƙirgen ƙafafu.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In kun ce ƙarya na shirga, ku tambayi Dela da ke zaune cikinku me take susa tun ɗazu.