Yadda Wanzami Matsattsaku Ya Koma Tafki

Dalilin da ya sa matsattsaku ke maƙale wa mutum a ƙafa yana shan jini, amma da ya ji gishiri sai ya saki, shi zan gaya muku yau. Ku ajiye min wayoyin nan tukuna. Kullum kuna kallon wani mai dogayen haƙora yana fitowa daga akwatin gawa yana cizon wuyan mutane, kuna ta ihu, alhali namu mai shan jinin yana nan cikin tafkin bayan gari, kuma ya girmi wancan nesa ba kusa ba.

A da can, Matsattsaku mutum ne, wanzami, baƙi siriri kamar tsinken tsire. Hannunsa ba nauyi ko kaɗan. Sai ya yi maka tsaga uku ya gama, kai kuwa kana tambayar yaushe za a fara. Ba abin da yake ji da shi a duniya kamar sunan nan da ya yi. Ubansa ya bar masa aska da ƙaho da doka guda: iska kawai wanzami ke zuƙa, ya toshe bakin ƙahon da kakin zuma, jinin da ya taru a haƙa rami a binne. Bakin wanzami ba ya taɓa jini.

Wata ranar kasuwa Sarkin Fawa Nomau ya aika a kira shi, wai bayansa ya riƙe. Suka zagaya bayan rumfar nama, Nomau ya tuɓe riga ya juya masa wani faffaɗan baya mai sheƙi. Matsattsaku ya kafa ƙaho, fata ta tasa, ya cire ya ajiye a gefe, ya yi tsagarsa uku. Ya miƙa hannu zai ɗauki ƙahon, wayam! Can ya hango karen mahauta ya sheƙa da shi a baki. Kare kuwa ba shi da laifi, duk ƙahon da ya gani a ƙasa a wurin nan rabonsa ne.

Matsattsaku ya bi karen da ido. In ya buɗe baki ya ce kare ya gudu da ƙahon gado, kafin la'asar 'yan kasuwa sun sa shi a waƙa. Ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa. Sai ya ce a ransa, bari in sa baki sau ɗaya in zuƙe, in faki ido in tofar.

Ya cika baki ke nan, sai Nomau ya tuna ba su gama gaisawa ba.

"Wanzam, ya iyali?"

Shiru.

"Wanzam, na ce ya mutanen gida?" Ya fara juyo da wuya.

To, ku gaya min, wane ɗan mutunci ne babba zai gaishe shi sau biyu ya yi shiru? In ya tofar, Nomau zai gani. Matsattsaku ya runtse ido ya haɗiye, ƙwat.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Nan fa aka samu matsala, don jinin mutumin da ya shekara arba'in yana cin kilishi da balangu ba wasa ba ne. Matsattsaku ya ji wani daɗi har cikin kunnensa. Nomau kuma ya miƙe garau, ya shiga kasuwa yana shelar bai taɓa ganin ƙaho mai sauƙi irin wannan ba.

Daga ranar Matsattsaku bai ƙara neman wani ƙaho ba. Sai dai ya ce wa mai ciwo, "Juya baya, kada ka waiwayo, sirrin aikin ke nan." Kullum yana cewa yau ce ta ƙarshe, kullum yana komawa. Ya yi ƙiba, ciki ya yi taiɓa, wando ya ƙi shiga.

Matarsa Tabawa ce ta fara tsarguwa, abin kuma yana ƙona mata rai.

"Maigida, kwana tara ke nan ba ka taɓa tuwona ba, ga ka kamar tulu. A gidan wa kake ci?"

"Haba Tabawa, gishiri ne ke yi wa miyarki yawa."

Ta ƙulla a ranta sai ta ga mai ciyar mata da miji. Da hantsi ta sayo gishiri cike da ƙoƙo, a hanyar dawowa ta hango shi ya nufi bakin tafki da zabirarsa. Ta bi shi a hankali. Tana leƙawa bayan wata bishiyar gawo ta gan shi manne da bayan yayanta Jatau masunci, ya lumshe ido, kumatu sun cika tam.

"Maigida! Ashe miyar da ba ta da gishiri ke nan?"

Ta watsa masa ƙoƙon gaba ɗaya. Jatau ya waiwayo, masu wanki suka yo ca. Kunya ta kama Matsattsaku, irin wadda ba a tsayawa a yi bayani. Ya saki, ya faɗi, ya dinga ƙanƙancewa yana ƙanƙancewa har ya koma bai fi ɗan yatsa ba, ya silale cikin ruwa ya ɓuya ƙarƙashin ganyen bado. Da fushin Tabawa ya sauka, tausayi ya kama ta. Ta yi ta kira, "Fito mu tafi gida, na yafe." Ya ji ta sarai, amma ina idon da zai kalli gari da shi?

Shi ya sa har yau matsattsaku ke cikin tafki. In ya kama ka ba za ka ji zafi ba, hannun nan na wanzanci yana nan, in kuma ka duba wurin za ka ga tsagarsa uku. Da ka barbaɗa masa gishiri sai ya saki da sauri, a zatonsa Tabawa ce ta iso. Ku kuma masu zuwa wanka tafki ba da sanina ba, in ya maƙale muku, ku gwada ce masa ya iyali. Ba zai amsa ba. Sau ɗaya ya taɓa amsawa da cikakken baki, kun ga inda abin ya kai shi.