Irin Kabewa a Kan Faifai

Da kaka, bayan yankan dawa, Iya Tambai ta girgiza goran da take ajiye irin kabewa, ta ji ya yi sauƙi. Iri ne mai baƙin gefe da ta gada a wurin uwarta, babu mai shi a garin. A gidansu kuwa 'ya ɗaya ake bar wa goran, tare da lambun bayan gida. 'Ya'yanta mata uku kaɗai suka san inda yake. Ba ta tambayi kowa ba. Ta riƙa kallon hannuwansu idan sun zo gaisuwa, ta kuma ɓoye goran a rumbu, inda ɓeraye suka huda shi suka cinye ragowar tas.

Wata rana ta je gidan Delu, babbarsu, ta ga faifan ado a bango, an jera masa 'ya'yan kabewa ja da kore kamar fure. Ta matsa kusa. Baƙin gefen na nan ƙarƙashin rini.

"Ashe ke ce ɓarauniyar."

"Aro na yi, Iya," in ji Delu. "Da ban ɗiba ba, da yau sai ki bi ɓera ki tambaye shi."

Aka kira sauran biyun. Kande, mai bi wa Delu, ita ta yi rinin. Tafasa 'ya'yan ake yi a ruwan galura don launi ya kama, iri kuwa in ya tafasa ya mutu. Ita da sanyi ta shafa musu launin. Ta ce ta gane baƙin gefen ne, ta zargi yayarta da ɗibar irin Iya, shi ya sa ba ta tafasa ba. Delu ta ce rowar itace ce ta hana ta hura wuta.

Uwani, auta, ita ta jera su. Da allura ake huda kowace ƙwaya a ɗinke ta, amma ita da ƙaro ta manna su. Ta ce zuciyarta ce ta ƙi hudawa. Kande ta ce allurarta ce ta ɓace, ta ji nauyin aro.

Iya ta saurare su duka, ba ta gaskata kowa ba. Ta ɓamɓare ƙwayoyin, ta ƙulle su a gefen zanenta har damina. Ta shuka, suka tsiro, suka yi yaɗo har kan danga.

Bana ta cika sabon gora da iri, ƙafafunta kuma sun daina kai ta lambu.

To, ku da kuke zaune, tsakanin wadda ta ɗiba, da wadda ba ta tafasa ba, da wadda ba ta huda ba, wa Iya za ta miƙa wa goran?